Shatar Jirgi a Yawuri

A ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi, idan ka ce "shata", kafin ka rufe baki an riga an tuna da marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999. To, ba shi muke nufi ba a wannan karon, Allah ya jiƙansa. Shatar da za mu yi magana a kanta ita ce wadda kowane ɗan tasha ya sani, watau mutum ya ɗauki mota sukutum, ya biya kuɗin kujerunta duka, da waɗanda za a zauna da waɗanda za su tafi wayam, domin ta tashi lokacin da yake so, ta kuma kai shi inda yake so. Mukan yi shatar bas idan za a kai amarya Bakori ko Ɗanja. Mukan yi shatar babbar mota da kaka, a kai masara kasuwar Ɗandume, ko a kai auduga wurin gurza. Haka nan idan ciwo ya tasar wa wani cikin dare, ba a tsayawa ciniki, shata ake yi a nufi asibiti.

Kowace daga cikin waɗannan akwai larurar da ta haife ta, domin kuwa mutumin karkara ba ya tafiya haka kawai. In ka gan shi da jaka, to biki ne, ko ta'aziyya, ko kasuwa, ko ci-rani. Ita kanta kalmar "jirgi", iyayenmu ba su san ta da wata ma'ana ba sai jirgin ƙasa, wanda layinsa ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai kuma na sama da ke kwasar alhazai. Na ruwa kuwa, iyakar saninmu da shi ɗan kwalekwalen masunta da mukan hango a madatsar ruwa ta Mairuwa idan mun bi hanyar Gusau. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne wanda muke ɗaga kai muna jira daga sama, ya sauko a watan Mayu ko Yuni, ya ɗauke a Oktoba, rafukanmu su koma yashi.

Wata irin shata da ba mu taɓa ji ba, a majalisarmu ta bayan sallar isha'i aka kawo mana labarinta. Ɗaya daga cikinmu da ya yi karatu a Turkiyya shi ya ce a garuruwan bakin teku na can, irin su Bodrum da Marmaris, har da Siflit ta Kuroshiya da Atina ta Girka, akwai tashoshi cike da ƙananan jiragen ruwa masu doguwar sanda a tsakiya, wadda akan ɗaura wa ƙyalle iska ta riƙa tura jirgin. A cikin kowanne akwai ɗakunan kwana uku ko huɗu, da ɗan madafi, da makewayi. Abokai ko iyali sukan haɗa kuɗi su yi shatar guda na mako ɗaya, galibi daga Asabar zuwa Asabar, su yi ta yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, su yada zango inda ya yi musu, ba don fatauci ko ziyarar dangi ba, sai don kallon ruwa da shan iska kurum.

Ya ce shatar iri biyu ce. Ko dai ka ɗauki jirgi tare da matuƙinsa, ko kuma a ba ka jirgin ka tuƙa da kanka, amma ita ta biyun sai ka nuna takardar shaidar ka iya. Kafin a sakar maka jirgi sai ka ajiye kuɗin jingina saboda ɓarna, sai an rubuta sunan duk wanda zai shiga, sa'an nan a bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa a gabanka, tun daga rigunan kariya daga nutsewa har tukunyar kashe gobara da akwatin magani da rediyon kiran agaji. Kowane jirgi akwai adadin mutanen da aka rubuta a takardarsa, ba kuma a wuce wannan adadi. Tsohuwar al'ada ce a wurinsu, domin tun a 1660 mutanen Holan suka ba Sarki Charles na II na Ingila kyautar irin wannan jirgin shaƙatawa, manyan ƙasarsa suka kwaikwaya. Ko a Ikko ma akwai kulob na masu irinsa tun 1932.

Dariya muka yi, muka ce wannan sai masu abu da abinsu. Wani dattijo a cikinmu ya tuna mana cewa ai jirgi mai ƙyalle ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, da irinsa suka haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, sai dai su a cunkushe suka shiga, bakunansu cike da addu'a. Ana cikin haka sai malamin labarin ƙasa da ke tare da mu ya ce ba ma sai an kai ga teku ba. Ya ce Gulbin Sakkwato a nan kusa da Funtuwa yake farawa, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakalori, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa kogin Kwara. Ke nan ruwan da ya wanke kunyoyin gonakinmu yana cikin wanda ke wucewa ta gaban Yawuri. Wannan magana ita ta shiga ranmu. Mu bakwai muka kafa adashi tun daga shuka, da muka gama kaka a watan Disamba na 2018, muka ce za mu bi ruwanmu mu ga inda yake zuwa.

Ba mu rasa masu yi mana tsiya ba. Wani ya ce yau ga manoma sun zama Turawa. Wata gwaggonmu ta tambaya ko gaisuwar mutuwa za mu, da aka ce mata a'a, sai ta ce to ko kifi za mu saro, da aka sake cewa a'a, sai ta riƙe haɓa ta ce, "'Ya'yan nan, ku ba da kuɗinku don ku zauna a kan ruwa? Allah ya shirya." Ba mu ga laifinta ba, saboda a tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin wanda ya huta da gangan ba, sai wanda ciwo ko tsufa ya kwantar. Mu dai muka ce tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wanda ya yi wata shida yana duƙe a gona bai ci amanar kowa ba idan ya miƙe bayansa na kwana uku.

Muka bi ta Tsafe da Gusau da Talatar Mafara, muka kwana a Sakkwato, washegari muka gangara ta Jega da Koko har muka isa Yelwan Yawuri da yamma. Duk wanda ya saba da rafin da akan tsallake da ƙafa, ranar da ya fara tsayawa a bakin Kwara sai bakinsa ya mutu. Ruwa ne shimfiɗe, ɗaya gaɓar can da nisa kamar an ja layi da toka, ga gungaye a tsakiya kore shar alhali ko'ina a tudu ya bushe. Yawuri tsohuwar tashar jirage ce. A ƙasarta Mungo Park ya rabu da tafintansa kafin ya halaka a Busa a 1806, kuma nan 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka yada zango a 1830 kafin su bi kogin a kwalekwale har teku. Har gobe garin bai rabu da ruwa ba, domin ko bikinsu na Rigata tseren jirage ne da nuna bajinta a cikin kogi.

Da safe muka sauka bakin kwata, watau inda jirage ke lodi. Tamkar tashar mota take: ga 'yan kamasho suna kiran garuruwa, ga masu dako, ga buhunan albasa da kwandunan banda, ga masu sayar da fetur a jarka. Jiragen na katako ne, dogaye, an ɗaura wa kowanne inji a gindi. Da muka ce shata muke so ta kwana uku, kuma ba kaya za mu ɗauko ba, sai aka yi ta kallon juna, kafin a haɗa mu da wani dattijo daga cikin Sarkawa, waɗanda su da kamun kifi da tuƙi gado ne. Ya zauna a kan gefen jirginsa ya yi lissafi a fili, bai ɓoye mana komai ba: abin da yakan samu a ranar kasuwa, da abin da yakan samu a sauran ranaku, da man da injin zai sha, da ladan yaransa biyu. Muka daidaita a kan abin da ya kai kuɗin buhun masara 12 a farashin wannan kakar, muka biya nan take.

Abokinmu na Turkiyya ya tambayi rigunan kariya. Dattijon ya sa yaro ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin goshin jirgi, aka zazzage guda biyar da suka sha ƙura, aka aro biyu a maƙwabta. Sa'an nan ya dube mu ya ce, "Malamai, ni ma ina da nawa sharuɗɗan. In jirgi na tafiya, ba mai miƙewa tsaye. Kafin rana ta faɗi muna kan tudu. In kuma na dubi ruwa na ce ba a tashi, to ba a tashi, ko da kuwa ranar ta tafi a banza." Ɗayanmu ya ce, "To, Baba, in ranar ta tafi a banza, kuɗinmu fa?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Jirgi kuka yi shata, shi ne nawa. Ruwan kuwa ba nawa ba ne balle in sayar muku." Muka ce mun yarda, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar farko ba za mu manta da ita ba. Da aka kashe inji a tsakiyar kogi aka bar ruwa yana janmu a hankali, sai muka ji wani irin shiru da babu shi a tudu. Hannuwanmu da suka saba da fartanya da alli suka rasa abin yi, har wani ya riƙa gyara hularsa ba gaira ba dalili. Muka wuce masunta suna jefa birgi, muka wuce matan Gungawa suna tuƙa kwalekwale da goyo a baya kamar yadda namu ke tafiya rijiya, muka ga gonakin albasa a gefen gungaye ana ba su ruwa. Da azahar muka tsaya a wani tungan masunta, aka gasa mana ragon ruwa da karfasa waɗanda ba su yi sa'a guda da barin kogi ba. Da dare muka shimfiɗa tabarmi a kan yashi kusa da wuta, sanyin hunturu yana ratsa bargo, muna jin ruwa yana lasar gindin jirgi har barci ya kwashe mu.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ganin kogi a cike a tsakiyar rani. Baba ya ce ai Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa mai laka, na daminar ƙasashen nan namu, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, garai-garai, wanda ke isowa da hunturu. Malamin labarin ƙasa ya ƙarasa mana bayani, ya ce shi baƙin ruwan damina ce da aka yi a duwatsun Gini inda kogin ya faro, ta tsaya watanni tana ratsa fadamun Mali, ta zubar da lakarta a can, sa'an nan ta iso nan a makare. Kogin mai tsawon kimanin kilomita 4,200 ne. Ashe a kan ruwan saman da aka yi wa wasu manoma a wata ƙasa muke zaune, kamar yadda wasu a can ƙasa ke zaune a kan namu.

Da muka gangara kudu sai kogin ya buɗe ya zama tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an kammala madatsar a 1968. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, faɗinsa a wani wurin ya wuce kilomita 20, an kuma tayar da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu kafin ruwa ya rufe su, har da tsohuwar Busa. Nan muka ga aikin gado. Baba yana tsaye a gindin jirgi, wani lokaci sai ya karkata hagu ba tare da mun ga dalili ba, sai mun wuce mu hangi kan kututture yana leƙowa daga ƙarƙashin ruwa. Itatuwan dajin da ruwa ya cinye suna nan a tsaye a ƙasa, kuma jirgin katako in ya hau ɗaya da gudu, tsagewa yake yi. Shi kuwa ya san su kamar yadda muka san tururuwar da ke gonakinmu.

Safiya ta biyu muka tashi da iska. Hazo ya rufe ɗaya gaɓar, ruwan ya yi baƙi yana tasowa yana faɗuwa da farin kumfa a kai. Baba ya tsaya ya dube shi jim kaɗan, ya dawo ya zauna ya ce a ɗora shayi. Muka zauna, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Muna nan zaune wajen hantsi sai muka ji ƙarar inji, sai ga wani jirgi irin namu sak ya fito daga cikin hazo ya nufi kasuwa. An jera buhuna har sun yi tudu, an ɗora babura a kai, ga awaki a ɗaure, ga mutane a kan buhunan da gefe da gefe, mata da goyo, yara a kan cinya. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba, yara biyu kuma sai kwarfar ruwa suke yi da roba ba tsayawa. Ba mu ga rigar kariya ko ɗaya ba. Muka bi shi da ido har hazo ya sake haɗiye shi, ba wanda ya iya kurɓar shayinsa.

Baba ne ya katse shirun. Ya ce, "Malamai, da ba ku zo ba, da yau ni ne wancan." Muka ce, "Haba Baba, a cikin wannan iskar da ka hana mu?" Ya ce ƙwarai kuwa. Ya ce shi ma matuƙin wancan jirgin ya san ruwa, ya kuma ga abin da ya gani. Amma kasuwa sau ɗaya take ci a mako, wanda bai kai kifinsa ko albasarsa yau ba ya yi asara. Kuɗin da kowane fasinja ke biya kaɗan ne, in ba a cika jirgi maƙil ba ko kuɗin mai ba za su fito ba. In kuma matuƙi ya ce ya isa haka, waɗanda suka rage a gaɓa ba su da wata hanya, cikinsu akwai mai kai ɗa asibiti, akwai surukarsa, akwai wanda ya ba shi bashin inji. "Yau kuɗina suna aljihu tun jiya," in ji shi, "shi ya sa nake da bakin cewa ba a tashi."

Wannan magana ta Baba ita ce abin da muka fi ɗaukowa daga Yawuri. Mun ɗauka hutu muka saya, da kallo, da gasasshen kifi, kuma lallai mun same su. Amma babban abin da buhunan masararmu suka biya shi ne wuraren zaman da suka tafi wayam, da kuma damar da matuƙi ya samu ta yin aiki da saninsa. Ilmin ruwa yana nan a kan Baba ko da mu ko ba mu, talauci ne ke hana shi bin abin da ya sani. Da muka waiwayi labarin abokinmu na jiragen Turkiyya sai muka ga ashe can ma haka abin yake. In ka cire fenti da katifu, abin da mai shata ke biya shi ne ƙayyadadden adadi, da riga ga kowane wuya, da matuƙin da ba ya tsoron cewa a jira gobe. Waɗannan kuwa bai kamata a ce kayan alatu ne ba.

A rana ta uku, muna kan hanyar komowa, muka tsaya a wani gungu muka tarar da mutane a gaɓa suna jiran abin hawa zuwa Yelwa. Baba ya dube mu, muka ce a ɗauke su. Ya fara da tsofaffi da masu goyo, yana ƙirgawa, da ya kai inda hankalinsa ya kwanta sai ya ɗaga hannu ya ce wa sauran, "Ku yi haƙuri, shata ce, na baƙi ne." Ko mutum ɗaya bai yi musu ba, suka koma suka zauna. Daga baya ya gaya mana cewa da a ranar haya ce ya ce jirgi ya cika, da sai an yi ta roƙo da rantsuwa har ya sassauta. Ka ji fa, mai karatu. An yarda a bar wuri wayam saboda wani ya biya, amma ba a yarda a bar shi wayam saboda kada a nutse ba. Mu ma da muke faɗar haka mun san halinmu a tashar mota, inda mukan matsa mu ce wa direba ai akwai wurin mutum ɗaya.

Bayan mun dawo gida, labaran da suka riƙa zuwa daga ruwa ba su bar mu mun manta ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi ya tsage a cikin wannan ruwa da muka bi, ɗauke da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kuwa ashirin da 'yan kai ne. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara, jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau zuwa Bagwai a madatsar Watari ta jihar Kano ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya da za su taron Maulidi. A watan Mayu na 2022 abin ya zo jiharmu, inda kwalekwale ya kife da masu yawon Sallah a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aka rasa rayuka fiye da goma, yawancinsu yara. Duk lokacin da muka ji irin wannan, jirgin nan da ya fito daga cikin hazo muke gani.

Ba a rasa doka ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 take kuma da hedkwata a Lakwaja, ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Sai dai dokar da ta ce wa matuƙi ya rage fasinja, ba ta kuma gaya masa inda zai samo kuɗin mai ba, da wuya ta yi tasiri a gungun da jami'i ba ya zuwa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, farashin fetur ya ninka ya sake ninkawa, lissafin da Baba ya yi mana ya ƙara tsanani. Abin da zai taimaka shi ne abin da zai gyara wannan lissafi: a ƙara jirage masu ƙwari a ranakun kasuwa, a wadata kowace kwata da riguna, a sare kututturan da ke kan hanya, a yi gada inda gada za ta yiwu, ƙungiyoyin masu jirage kuma su tsayar da adadi su tsaya a kansa baki ɗaya, don kada mai gaskiya ya zama shi kaɗai ke asara.

Mu nan gida ma akwai abin da ke hannunmu. Muna da madatsun ruwa a Mairuwa da Gwaigwaye da Malumfashi, ga kuma Zobe a can Dutsin-ma, kuma mun san yadda yara ke tururuwa bakin ruwa da Sallah da 'yan kuɗin barka da Sallarsu. Mai kwalekwale ɗan Adam ne, in yaro ashirin suka miƙo masa kuɗi a lokaci guda, shekara kuma sau biyu yake ganin irin wannan rana, sai wanda Allah ya tsare. To, me zai hana iyayen unguwa su yi abin da muka yi? A haɗa kuɗi kamar adashi, a yi shatar kwalekwalen na yini guda, a biya mai shi tun da safe, a ce masa biyar-biyar zai riƙa ɗauka, a sa babba ɗaya a gaɓa yana ƙirgawa. Haka makarantar da za ta haye ruwa da ɗalibai, ta biya sawu uku maimakon ɗaya. Mun iya shata don amarya ta isa ɗakinta cikin mutunci, ba za ta gagare mu don yara su dawo gida ba.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, mun sha karanta littattafan da ake ɗaukar ango da amarya a kai su Dubai ko Landan, a sa su a farin jirgi suna shan lemo a kan teku. Ba mu ce a daina ba, mai karatu ma yana son hutu. Amma ga ruwa nan a ƙasarmu, da garuruwan da ya cinye, da matuƙan da suka haddace kututturansa, da matan da ke haye shi da goyo kowane mako suna salati. Wanda ke neman labari ya tara 'yan kuɗinsa ya je bakin kwata ya zauna, ya saurari lissafin mai jirgi, zuwa da kai ya fi aike. In ya samu hali ya yi shata ya huta, halal ɗinsa ne, sai dai ya buɗe ido ya dubi jirgin da zai wuce shi. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare masu hawa da masu tuƙi, ya kuma ba mu damina mai albarka. Amin.